Takalmin da Agali Ya Ba Ni Aro

Yawancin ranakun aiki sun cakuɗe mini yanzu, amma ban taɓa mantawa da ranar da Shef Mamman ya shigo magaza, wato ɗakin ajiyar kayan aiki, riƙe da warin takalmin fata da yatsu biyu, kamar wanda ya kamo ɓera ba. Ya jefa shi a kan teburina ya ce, "Isufu, mi ne ne wanga?"

Na duba. Ƙirgi ne aka yanka daidai tafin ƙafa, da igiyar fata guda ɗaya. Ba dunduniya, ba ado, ba komai. Na ce, "Takalmi ne, Shef."

Ya ce, "Na san takalmi ne! Cikin rami na samo shi, ga ƙahwar mutum."

Bari in yi wa waɗanda ba su san aikinmu ba bayani. Ni ne nake riƙe da magazar kayan kariya a mahaƙar ƙarƙashin ƙasa ta Akokan, kusa da Arlit, inda ake haƙo iraniyom. Duk wanda aka ɗauka aiki, ta gabana zai fara bi. In ba shi kaske, wato hular kwano, da fitilar goshi, da kayan sawa, da ɗan abin awon tururin iraniyom da ake maƙalawa a jiki, sannan in ba shi bot, takalmi mai nauyi mai ƙarfe a baki. Doka ce ba a shiga rami sai da su duka. Sabon ma'aikaci kuma yana yin watannin gwaji kafin a tabbatar da shi. A cikin watannin nan, laifin farko gargaɗi ne, wanda muke ce wa abertisma, na biyu kuwa sallama. Bot sau ɗaya ake ba da shi a shekara. In kana son canji kafin lokaci, sai shef ya yarda, kuma sai ka dawo da tsohon. Shef Mamman, mutumin Tawa, shi ne shugaban sashen kariya, shi ne kuma maigidana a wajen aiki.

Ni kuwa Allah ya yi ni da surutu, Badamagare ne ni, ba na iya miƙa wa mutum abu baki a rufe. Duk wanda na ba bot sai in ce, "Ungo, kyautata ce, ka yi mini addu'a." Kowa ya san kayan kamfani ne. Samarin Maraɗi ma har ramawa suke yi, su ce, "Allah ya ƙara arziki, Baba Isufu, saura mota." Mu yi dariya, na baya ya matso.

Mai wannan takalmin fata sunansa Agali. Ba'abzine ne dogo, magidanci, daga wani kwari a gindin duwatsun Abzin. Fari ya cinye masa awaki, ya kwaso mahaifiyarsa da matarsa da yara ya kafa bukka a bayan Akokan, ya yi ta zarya har Allah ya sa aka ɗauke shi. Ranar da ya zo magaza na tambaye shi lambar ƙafarsa, ya ce bai taɓa yin lamba ba. Na leƙa ta saman tebur na dubi tsawon ƙafar, na ciro arba'in da biyu, don a lokacin ina ji da idona ƙwarai, har cika baki nake yi cewa ba na bukatar awo. Na miƙa masa da maganata ta kullum. Bai yi dariya ba. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya ce, "Na gode, Baba." Bai gwada a gabana ba, ni ma ban ce ya gwada ba, layi yana da tsawo.

To, shi ne Shef ya kama. Ya ce, "Na iske shi can ƙasa shina turin kaya da wanga abu, bot ɗin na rataye ga wuyanai kamar laya. In dutsi ya hwaɗo mishi hwa? Wa za a tambaya in ba ni ba? Na ba shi abertisma. In na koma ganinai haka, ya tahi gida. Kira shi ka ji, ko bot ɗin na da wani abu."

Kada ku ɗauka Shef mugu ne. Faɗa gare shi kamar me, amma ya san abin da dutse yake yi wa ƙafa, kuma ya fi son ya kori mutum da ƙafarsa biyu a kan ya bar shi a aiki da guda.

Da aka tashi na tare Agali a bakin magaza. Na ce, "Bot ɗin ya yi maka?"

Ya ce, "Lafiya lau."

"Ba ya matse ka?"

"Takalminka mai kyau ne, Baba. Ƙarfi gare shi."

"To, me ya sa ka cire?"

Ya ja rawani sama har ya kusa rufe ido. Can ya ce, "Ba zan ƙara ba."

Na koma na gaya wa Shef bot lafiyarsa ƙalau, rashin sabo ne kawai irin na mutanen daji. Warin takalmin fatar kuma na tura shi ƙarƙashin tebur na manta da shi.

Agali ya cika alkawari, bai sake cirewa ba. Sai dai da safe in motar ma'aikata ta sauke su, nakan hango shi yana tafiya kamar mai taka garwashi. Mutumin da a makonsa na farko ake cewa yana aikin mutum biyu, sai ga shugaban ƙungiyarsu yana ƙorafi a gabana cewa ya zama malalaci, kullum shi ne na baya. Rahoton wannan shugaban kuwa shi ake dubawa a ƙarshen gwaji. Kun ga ke nan, in ya cire bot a kore shi, in ya bar shi a ƙafa a ce ba shi da kuzari a ƙi tabbatar da shi. Ga tsohuwa da yara a bukka, ba akuya ko ɗaya da za a koma wa. Abin ya dame ni, amma na tambaya an ce mini lafiya lau, me zan yi?

Ana nan, wata Alhamis ya tsaya a bakin magaza ya ce, "Baba, Lahadi ka zo gidana da la'asar. Akwai tukwicinka."

Na ce, "Tukwicin me?"

Ya ce, "Kai dai ka zo."

Na ɗauka cuku ne ko dabino. Ranar Lahadi na hau kekena na tafi, har da ɗan buhu a aljihu, kada in ɓoye muku.

Na same shi a inuwar bukka ya shimfiɗa tabarma, shayi yana kan wuta. Bayan mun gaisa, ya tashi ya tone wani wuri mai danshi kusa da randa, ya zaro guntun ƙirgin sa. Ya ce tun jiya ya jiƙa shi ya binne a rairayi don ya yi laushi, in ba haka ba wuƙa ba ta cin sa. Ya kakkaɓe shi, ya shimfiɗa a ƙasa, gefen gashi yana kallon ƙasa. Ya ce, "Cire takalmi, ka hau."

Na ce, "Au, takalmi za ka yi mini? Ai da ka tambaye ni lamba. Arba'in da ɗaya nake sawa."

Ya ce, "Ni ban san lamba ba. Ka hau, ka tsaya sosai, kada ka zauna. Ƙafa a zaune ƙarya yake yi."

Haka Hausarsa take, komai namiji ne a bakinsa, ƙafa, mota, har matarsa wani lokaci. Ya ce shi ya sa ma ya kira ni da la'asar, don ƙafar safe ƙarama ce, sai ta wuni tana ɗaukar mutum take nuna girmanta na gaskiya. Na hau na tsaya. Ya ɗauki gawayi ya zagaye ƙafar dama, sannan ya zagaye ta hagu daban, wai ba a juya zanen ɗaya a yi wa ɗaya, don ba su taɓa zama daidai ba. Ya diga alama tsakanin babban yatsa da mai bi masa, ya diga biyu a gefe da gefe, a ƙasan idon sawu. Yana cikin yi sai ya tsaya yana kallon yatsuna.

Ya ce, "Baba, yatsunka sun hau juna. Wa ya ɗaure shi?"

Na ce, "Bot ne, tun kana saurayi nake cikinsa."

Ya girgiza kai kamar an gaya masa rasuwa. Ni ban taɓa tsayawa na kalli ƙafata da kyau ba sai ranar. Ƙaramin yatsa ya ɓuya ƙarƙashin ɗan'uwansa, babban ya karkace ya jingina da na kusa. Kowace yamma sai Hajara matata ta dafa mini ruwa na tsoma su, ni kuwa ina ce wa abin tsufa.

Ya wasa wuƙa a dutse ya fara yanka, yana barin kamar faɗin ɗan yatsa a bayan zanen, don ƙirgi yana tsukewa in ya bushe. Na tambaye shi ko sana'ar gidansu ce. Ya ce a'a, takalmin ado mai ja da kore matan maƙera ne suke yin sa, wannan na kiwo ne, kowane makiyayi yana yi wa kansa. Ya huda wurin yatsa da basilla, ya tsaga ƙananan kafofi biyu na gefe. Igiyar fatar akuya ce, ya yanko ta doguwa, ya murza ta da man shanu har ta yi laushi. Ya ƙulla bakinta, ya zuro ta daga ƙasa ta kafar yatsa, ya daddake ƙullin da dutse har ya kwanta, don kada ya soki mutum. Daga nan igiyar ta hau bayan ƙafa, ta shiga kafar waje, ta zagaya dunduniya, ta shiga kafar ciki, ta dawo ta sarƙe da kanta a sama. Shi ke nan takalmi. Na ce, "Wannan ai da shi da tafiya ba takalmi duk ɗaya." Ya ce abin da ake so ke nan, ƙaya da zafin ƙasa kawai zai tare, sauran aikin ƙafa ce za ta yi abinta.

Tun da na zo, a zaune yake ya lulluɓe ƙafafunsa da bakin riga, in ya tashi kuma rigar tana jan ƙasa. Da ya zo yankan wari na biyu, ƙirgin ya yi ta zamewa, sai ya manta ya fito da ƙafa ya take shi. Nan na gani. Gefe da gefen ƙafar duk a saluɓe, wani wurin ya bushe wani yana ruwa, farcen ƙaramin yatsa ya yi baƙi. Ga ƙafar kanta, gabanta a baje kamar tafin hannun da aka buɗe, kowane yatsa yana zaman kansa. Tsawonta arba'in da biyu ne, idona bai yi ƙarya ba. Faɗin ne ban duba ba.

Na ce, "Agali, wannan fa?"

Ya mayar da ƙafar ƙarƙashin riga. "Ba komai."

"Bot ɗin ne. Na tambaye ka, ka ce mini lafiya lau."

Ya juya wuƙa a hannu. Sannan ya ce, "Kai ka ba ni da hannunka. Ka ce kyautanka ne. Babba ya ba ka abu, ka koma ka ce masa bai yi ba? Ni ba a koya mini haka ba."

Dariya ta taso mini, tausayi ya danne ta. Wato wannan bawan Allah ya yi makonni yana ɗingishi a ƙarƙashin ƙasa, aikinsa yana neman kuɓucewa, don kada ya kunyata ni. Tukwicin ma ashe na bot ɗin da yake cin ƙafarsa ne. Na ce masa wasa nake yi, kowa haka nake gaya masa, kayan kamfani ne, ko dala tawa ba ta ciki.

Ya ce, "Kamfani ba shi da hannu, Baba. Hannunka na gani."

Na sha shayina, na ɗaura sabon takalmina, na hau keke na koma gida.

Litinin da sassafe na laluba ƙarƙashin tebur na ciro warin nan da Shef ya ƙwace. Na ɗauko sabon bot arba'in da biyu daga kanta, na tafi ofishinsa. Na ajiye takalmin fatar a kan tebur, na ɗora bot a kansa. Ƙirgin ya leƙo ta dama, ya leƙo ta hagu. Na ce, "Shef, wannan shi ne zanen ƙafarsa. Ita muka ce ta shiga nan."

Ya sunkuya ya duba, ya ce, "Wagga ƙahwa ce ko faifai? To, don mi bai hwaɗi ba?"

Na ba shi labarin kyauta da tukwici. Ya dafe kai ya ce, "Kai da bakinka, Isufu!" Amma nan take ya sa a kai Agali wurin likita a wanke ciwon, a ba shi hutun 'yan kwanaki. Ya kira shugaban ƙungiyarsu ya gaya masa ya dakata da rahoto. Muna da wani irin bot mai faɗin baki da ba a cika nema ba, ya ce in ba shi, in ƙara lamba in ya kama. Abertisma dai ya ce tana nan, don an shiga rami ba bot, wannan ba ya gogewa. "Ya maido tsohon, ka ba shi sabo."

A nan aka sake makalewa. Da Agali ya dawo daga hutu ya gwada sabon, ya taka, ya yi murmushi har ana gani ta saman rawani. Na ce to, kawo tsohon. Ya ce a'a.

"Doka ce, Agali. Ba na fitar da sabo sai tsoho ya shigo."

"To, ka riƙe sabon. Ba a mayar da kyauta."

Ya fara kwance igiyar sabon bot ɗin da gaske. Shef yana tsaye a bakin ƙofa, na ga jijiyar wuyansa ta fara tashi, na san in ya buɗe baki an gama. Ban san inda dabarar ta fito mini ba, na ce, "Tsaya. Ban ce ka mayar ba. Ara mini."

Ya ɗago. "Aro?"

"Aro. Naka ne. Ina bukatarsa a nan magaza. Ran da ka tashi so, ka zo ka karɓi abinka."

Ya auna maganar. Sannan ya ce, "In aro ne, ba laifi." Ya ciro shi daga jakarsa ya miƙo mini. Shef ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

A ƙa'ida tsohon bot tarawa ake yi a lalata. Na wanke wannan na ɗora shi can saman kanta. Da Shef ya gani na ce masa kayan aro ne, ba ni da ikon zubarwa. Ya ce, "Da kai da shi duk ɗaya kuke," ya wuce.

Agali ya ci gwajinsa, aka tabbatar da shi. Ni kuma na samo faranti babba na zuba rairayi mai danshi na ajiye a bakin magaza. Duk sabon da ya zo sai ya cire takalmi ya taka, in dubi sawun, tsawo da faɗi, kafin in taɓa kanta. An yi mini tsiya a kan farantin nan, har ana ce mini mai duba. Ban damu ba, masu ɗingishi sun ragu.

Takalmina na tukwici kuwa, kwanakin farko na sha wuya. Kowace tsakuwa ta Akokan sai da ta gaishe ni, sha-raɓata ta yi tsami, Hajara tana cewa da girmana na koma makiyayi ba ko tunkiya. Agali ya ce gaggawa na yi, in fara da tsakar gida, sannan masallaci, sannan kasuwa. Haka na yi. A wajen aiki bot, wannan ba wasa a ciki, amma da an tashi sai in saki ƙafafuna su sha iska. Yatsun ba su miƙe duka ba, an makara, sai dai sun saki juna, ruwan zafin yamma kuma aka daina dafawa. Da takalmin tukwicin ya cinye, ni na yanka na biyu da hannuna a gida. Ya fito a karkace, Agali ya yi dariya har da riƙe ciki. Yanzu na iya. Nakan manna siririyar robar cikin taya a ƙasa saboda duwatsun garin nan, ta kasuwa nake saya sabuwa, ba na taɓa abin da ya fito daga mahaƙa.

A 2021 aka rufe ramin Akokan. Kwanakin ƙarshe layi ya dawo gabana kamar da, sai dai yanzu kawowa ake yi. Ba mai wasa, ni ma bakina ya mutu. Agali ya iso, furfura ta fito masa a gefen rawani. Ya ajiye kaske, ya ajiye fitila, ya ajiye bot ɗinsa mai faɗi. Na ce Allah ya sa mu gana da alheri. Bai motsa ba.

Ya ce, "Baba, saura arona."

Na jawo tsani na hau. Yana nan inda na ajiye shi, fatar ta bushe ta ƙandare. Na kai wa mai awo ya bi shi da na'urarsa, don ba abin da yake fita daga mahaƙa sai an auna, ya ce ba komai. Na kawo masa. Na ce, "Me za ka yi da shi? Ba ya shigarka."

Ya ƙulla igiyoyin biyu ya rataya a wuya, kamar yadda Shef ya fara ganinsa. Ya ce, "Zan koma Abzin, na sayi awaki. Zan rataye shi a bukka. In jikoki sun tambaya, in ce wani Bahaushe ya ba ni, ranar da ban san kowa ba a garin nan."

Na juya ina gyara kayan da ba sa bukatar gyara, don layi yana kallona.

To, ku da kuke riƙe da magaza yanzu a Arlit, abin da na koya ke nan. Mutanenmu ba sa cewa abu ya matse su, musamman ga wanda ya girme su. In ka tambaya za a ce maka lafiya lau, kuma ba ƙarya aka yi maka ba, ladabi aka yi maka. Sai ka sa a cire takalmi ka ga ƙafar da idonka. Kayan da kuke miƙawa na kamfani ne, amma wanda ya zo daga nesa bai san kowa ba, hannunku yake gani. Ni har na bar aiki ban daina cewa "kyautata ce" ba, bakin ya riga ya saba. Sai dai tun daga Lahadin nan da hannu biyu nake miƙawa, kuma ba na barin mutum ya fita sai ya sa, ya taka, ya yi tafiya a gabana.